Khawaja sira: mutanen da ake neman addu'arsu, ake gudun zama da su

Duk wanda ya taɓa zama a Pakistan, ko da na 'yan watanni ne, ya san tafinsu. Da hannu a buɗe suke yin sa, yatsu a ware, ƙararsa a bushe, tana ratsa hayaniyar titi. Kana cikin motar haya a Rawalpindi ko Lahore, danja ta tsayar da ku, sai ka ji shi ta taga. In ka waiga za ka ga mutum cikin kayan mata, mayafi a kafaɗa, ga kwalli ga jan-baki, murya kuwa mai kauri, ana zuba maka addu'a da Urdu: Allah ya ba ka zuri'a, Allah ya kai ka Makka. Su ne khawaja sira, a Indiya kuma an fi ce musu hijra. A cikinsu akwai mata-maza, waɗanda aka haifa da halittar da ba ta fito sarari ba. Mafi yawansu kuwa da jikin namiji aka haife su, amma tun suna ƙanana suka ji a ransu cewa su mata ne, suka taso a haka duk da duka da gorin gida. Da "ke" da "ita" suke kiran junansu, haka ma maƙwabtansu, ni ma da shi zan yi amfani.

Karatun haɗa magunguna ne ya kai ni ƙasar, na kama hayar ɗaki a saman bene a wata tsohuwar unguwa ta Rawalpindi. Mai gidan dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ina ce mata Khala, ita kuma tana ce min beta, wato ɗana. Da matar babban ɗanta ta haifi namiji, ba a yi kwana uku ba sai ga su sun iso, ba tare da kowa ya aika musu ba. Suna da masu ba su labarin kowace haihuwa da kowane aure a yankinsu, kuma kowace ƙungiya ta san iyakar unguwanninta. Babbarsu ta girme wa Khala, gashinta ya sha lalle, ɗaya kuma na rataye da ganga. Suka yi waƙa a tsakar gida, mata suka leƙo daga benayen maƙwabta. Daga nan babbar ta miƙa hannu, Khala da kanta ta ɗauko jaririn ta ɗora mata. Ta rungume shi, ta juya da shi a hankali, ta sa bakinta kusa da kunnensa tana addu'a, kuma na ga idon Khala ya kawo ruwa. Aka ba su kuɗi da shinkafa da sukari da sabon yadi, aka yi ɗan ciniki a kan kuɗin cikin raha, aka kawo musu shayi.

Bayan sun tafi na ga Khala ta tattara kofunan da suka sha shayin ta kai bayan ɗakin girki ta ajiye su daban. Na ce, "Khala, ba ita ce yanzu ta riƙe jikanki ba?" Ta ce, "Beta, addu'arsu ba ta faɗuwa ƙasa, bakinsu ma haka. Amma su daban ne." Ba da mugunta ta faɗa ba, mace ce mai kirki da ta ciyar da ni ranar da ba ni da ko sisi. Abin da ta tarar ke nan. Ana tsoron bakinsu, ana kwaɗayin albarkarsu, amma ba mai son ɗaya daga cikinsu ta zauna kusa da shi a mota, ko ta yi aji ɗaya da ɗansa, balle a ce daga gidansa ta fito.

Shi ya sa suka gina nasu gidajen. Yaron da uba ya kora ko ya gudu saboda dukan yayye, yakan ƙare ne a gidan wata babba da suke kira guru, shi kuma ya zama chela, almajirinta. Ita ke ba da wurin kwana da sabon suna, ta koyar da waƙa da rawa da wani yaren sirri da suke yi tsakaninsu, ita kuma ake kawo wa kaso daga abin da aka samo. Akwai guru masu riƙo irin na uwa, akwai masu tatsar na ƙasa da su har da ɗora musu bashi. Hanyoyin samun abinci uku ne aka bar musu: sa albarka a biki, bara, da karuwanci. Ba na ɓoye na ukun, domin a kantin maganin da na yi koyon aiki na ga abin da yake jawowa na cuta da rauni.

Ba haka suka faro ba. A zamanin sarakunan Mughal, Musulmin da suka mulki Indiya kafin Turawa, khawaja sira laƙabi ne na babannin fada, masu tsaron cikin gida da riƙe sirrin sarki, wasu har da dukiya da muƙamai. Wanda ya san tarihin Kano ba zai yi mamaki ba, don mu ma an ce Sarki Muhammadu Rumfa ya ba babanni sarautu. Su kuma hijra na cikin gari, a wasu masarautun har filaye da izinin karɓar sadaka aka yanka musu. Turawan Ingila ne suka zo suka ga abin bai yi musu ba. A 1871 suka kafa dokar da ta ayyana wasu ƙabilu sukutum a matsayin masu laifi tun daga haihuwa, kuma kashi na biyu na dokar a kan waɗannan mutane yake. Aka umarci 'yan sanda su buɗe rajista su rubuta sunayensu da inda suke da abin da suka mallaka. Wanda ke cikin rajistar in aka gan shi a bainar jama'a da kayan mata, ko yana rawa ko kiɗa, ana iya kama shi ba tare da takardar izini ba a ɗaure shi har shekara biyu. Aka hana su riƙon yaro namiji ɗan ƙasa da shekara 16, aka hana su yin wasiyya ko kyautar da dukiya ko ɗaukar ɗan riƙo. Ka duba da kyau: an toshe sana'ar, an toshe magada. Manufar ita ce su ƙare a hankali, kuma jami'an mulkin mallakar ba su ɓoye hakan a takardunsu ba. An soke wannan kashi a 1911, su ba su ƙare ba, amma kallon masu laifi da ɗan sanda ke yi musu ya zauna daram, Pakistan da Indiya suka gaje shi a 1947.

Fiye da shekara sittin bayan samun 'yancin kai, hukuma ba ta ma san da zamansu ba. A Pakistan katin shaidar ɗan ƙasa shi ne komai: ba ka sayen layin waya, ba ka buɗe asusun banki, ba ka zaɓe, ba ka karɓar gado sai da shi. Takardar neman katin tana tambayar sunan uba da takardun iyali, to wanda uban ya ce ba shi ba shi fa? Sai a farkon 2009 abin ya motsa. 'Yan sanda suka kai samame wani bikin aure a Taxila, wani gari kusa da Rawalpindi, suka kama khawaja sira da ke rawa a wurin, suka wulaƙanta su. 'Yan uwansu suka taru suka yi zanga-zanga a ofishin babban jami'in 'yan sanda a Rawalpindi, ɗaya daga cikin shugabanninsu, Almas Bobby, na gaba. Wani lauya masanin shari'ar Musulunci, Dakta Muhammad Aslam Khaki, ya kai maganar Kotun Ƙoli. Ina son mai karatu ya riƙe wannan, domin sau da yawa ana cewa Turawa ne suka shigo da batun: lauya Musulmi ne ya shigar da ƙarar, alƙalai Musulmi suka saurara. Daga 2009 zuwa 2012, kotun ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Iftikhar Muhammad Chaudhry ta yi ta ba da umarni ɗaya bayan ɗaya: hukumar NADRA ta ba su katin shaida, a sa su cikin rajistar masu zaɓe, a ba su gadon iyayensu, a buɗe musu ƙofar makaranta da aiki. A zaɓen 2013 ɗaya daga cikinsu, Bindiya Rana, ta tsaya takarar majalisar lardin Sindh a Karachi. Ba ta ci ba, amma sunanta ya hau takardar ƙuri'a.

Labarin da ya fi tsaya min a rai shi ne na Alisha, wataƙila don ni ma'aikacin lafiya ne. Shekararta 23, tana cikin masu fafutukar kare 'yan uwanta a Peshawar. A watan Mayun 2016 wani ya ɗirka mata harsasai, ƙawayenta suka garzaya da ita asibitin Lady Reading, babban asibitin birnin. Su ne suka ba da labarin abin da ya biyo baya, jaridun ƙasar suka ɗauka: an ɓata lokaci mai tsawo ana muhawara a kan ɗakin da za a kwantar da ita. A ɗakin maza aka ƙi, a ɗakin mata aka ƙi. Mutane suka taru a baranda suna yi wa ƙawayen nata ba'a da tambayoyin batsa, ita kuwa tana kwance da harsashi a jiki. Ta rasu ranar 25 ga Mayu. Ba zan ce da an yi sauri lallai za ta rayu ba, rai na Allah ne, kuma raunin mai tsanani ne. Amma duk wanda ya taɓa aiki a sashen gaggawa ya san abin da ake fara yi: a tsayar da jini, a sa ruwa, a nemo jinin ƙari, a kira likitan tiyata. Ba a taɓa koya mana cewa sai an tantance jinsin mutum kafin a ɗaura masa bandeji ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wata guda bayan rasuwarta, malamai kusan hamsin na wata ƙungiya mai suna Tanzeem Ittehad-i-Ummat a Lahore suka fitar da fatawa. Suka ce wanda alamun namiji ko na mace suka bayyana a jikinsa yana iya aure, cewa hana su gado zalunci ne, cewa yi musu ba'a da wulaƙanci haramun ne, kuma in sun mutu a yi musu sallar jana'iza kamar kowane Musulmi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramar magana ba ce a wurinsu. Wata tsohuwa da ke zuwa karɓar maganin hawan jini a kantinmu ta taɓa ce min abin da ke hana ta barci ba yunwa ba ce, tunanin wanda zai yi mata wanka da limamin da zai yarda ya tsaya a kanta ne. Da yawa daga cikinsu da dare ake binne su, ba dangi.

Daga nan abubuwa suka yi ta zuwa da sauri. Ƙidayar 2017 ta ƙirga su a karo na farko, ta samu mutum 10,418 a ƙasar da ta haura miliyan 200, adadin da su kansu suka ce ya yi kaɗan ƙwarai, don ba kowane uba ne zai gaya wa malamin ƙidaya gaskiya ba. A shekarar ce aka ba Farzana Jan ta Peshawar fasfo mai alamar X a gurbin jinsi. A watan Maris na 2018 Marvia Malik ta fara karanta labarai a tashar Kohenoor da ke Lahore. A watan Mayun 2018 kuma majalisar ƙasa ta zartar da dokar kare haƙƙinsu. Dokar ta haramta nuna musu bambanci a makaranta da wurin aiki da asibiti da motar haya, ta hana korarsu daga gida, ta ce a ware musu wuri a kurkuku da gidajen fakewa, ta tsara rabonsu na gado. Sannan ta zo da saɗarar da daga baya ta zama abin faɗa: jinsin da za a rubuta wa mutum a kati shi ne wanda shi da kansa yake ji a ransa, ba sai likita ya duba shi ba.

Shekara huɗu dokar na nan ba wata hayaniya sosai. A 2022 guguwa ta taso, Sanata Mushtaq Ahmad Khan na jam'iyyar Jamaat-e-Islami na kan gaba, majalisar da ke ba gwamnati shawara kan addini ita ma ta ce dokar ta saɓa wa shari'a. Hujjarsu ba ta wasa ba ce, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Suka ce in jin rai kaɗai ya isa, me zai hana 'ya mace ta ce ita namiji ce don ta ninka rabonta na gado, ko namiji ya karɓi katin mace ya auri namiji, ko ya shiga wurin da mata ke keɓewa? Masu kare dokar suka amsa cewa dokar ba ta ambaci aure ba ko sau ɗaya, kuma ƙa'idojin aiwatarwa na 2020 sun taƙaita sauyin zuwa X ne kawai. Game da gwajin likita kuwa, suka ce a tuna yadda ake yi da su a asibitoci kafin a tilasta musu tuɓewa gaban kwamiti. Ranar 19 ga Mayun 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta yanke hukunci: ta soke sassan da suka shafi zaɓen jinsi da kai da kuma gado, ta ce jinsi yana bin halittar jiki ne, kuma ta tabbatar da cewa mata-maza suna da cikakken haƙƙi a Musulunci. Aka ɗaukaka ƙara zuwa sashen shari'a na Kotun Ƙoli, kuma tsarin mulkin ƙasar ya ce irin wannan hukunci ba ya fara aiki sai an gama da ƙarar. NADRA ta dakatar da ba da katin X na 'yan watanni, sannan ta ci gaba.

Ni ba mufti ba ne, amma na zauna gaban malam a zaure kafin in shiga boko, kuma na san malamanmu na da ba su kau da kai daga wannan al'amari ba. Muhtasar na Shehu Halil, wanda ake karantawa daga Sakkwato har Damagaram, da mas'alar gadon mata-maza ya rufe. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda lamarinsa ya rikice ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace, a Hanafiyya da Pakistan ke bi kuma ana ba shi mafi ƙarancin rabon biyu. Ko ta wace hanya, yana da rabo, ba a kore shi daga cikin magada ba. Hadisin la'antar maza masu kwaikwayon mata sananne ne, kuma ba ni da ikon goge shi. Amma Imam Nawawi ya rarrabe tsakanin wanda aka halitta da wannan ɗabi'a, wanda ya ce babu zargi a kansa, da wanda ya ƙirƙiro ta da gangan. Akwai kuma ruwayar Abu Dawud, inda aka kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wani mai kama da mata da ya yi lalle a hannu da ƙafa, ya sa aka fitar da shi zuwa wajen gari. Da aka tambaya ko a kashe shi, sai ya ce an hana shi kashe masu sallah. Malamai za su ci gaba da saɓani a kan katin shaida da tiyatar sauya jinsi, kuma da ma Iran da Masar sun sha tasu muhawarar tun shekarun 1980. Abin da na kasa samu a kowane littafi shi ne izinin harbi, ko jifa, ko hana magani, ko ƙin yi wa Musulmi sallah. A watannin da ake ta zafafa wa'azi a kan dokar a 2022, hare-hare a kansu ba su tsaya ba, musamman a lardin Khyber Pakhtunkhwa, kuma mai riƙe da bindiga ba ya tsayawa tambayar wace ce mata-maza ta haihuwa, wace ce ba ita ba. Wanda ya hau mumbari ya san wannan, ya kamata ya auna kalmominsa da shi.

Nakan tuna gida in ina wannan tunani, ko da yake 'yan daudunmu ba daidai suke da khawaja sira ba, tarihinsu daban ne, kuma da yawansu na da mata da 'ya'ya. Amma mun san su a tasha da bakin kasuwa suna soya kaza da waina, mun san su a gidan biki, mun ci abincin hannunsu, mun kuma san abin da ake faɗa da zarar sun juya baya. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860, yana lissafa namijin da ya sa kayan mata a bainar jama'a cikin 'yan zaman banza da ake iya hukuntawa. Ban ce mu kwafo dokar Pakistan ba, su kansu ba su gama daidaitawa a kanta ba. Tambayar da nake yi wa abokan aikina ita ce ta Peshawar: in aka shigo mana da ɗaya daga cikinsu jina-jina da tsakar dare, me za mu fara yi?

A can dai ba su zauna jiran kotu ba. Nisha Rao, wadda ta yi bara a titunan Karachi don ta biya kuɗin karatu, ta zama lauya. Sarah Gill ta kammala karatun likita a birnin a farkon 2022. Rani Khan kuwa, wadda danginta suka kora tana 'yar shekara 13, ta yi bara ta yi rawar biki, daga baya ta koma ta koyi karatun Alƙur'ani, sannan a watan Oktoban 2020 ta tattara abin da ta tara ta buɗe makarantar Islamiyya mai ɗaki biyu a gefen Islamabad, domin 'yan uwanta da ake kora ko ake yi wa dariya in sun je masallaci. Ɗalibai kusan 25 suka fara zuwa. Bayan darasin Alƙur'ani tana koya musu ɗinki da surfani, da niyyar a riƙa sayar da kayan a samu abin tafiyar da makarantar.